Yara masu buƙata ta musamman na da haƙƙi a ɗakin karatu

A yawancin ɗakunan karatu, wato laburare, ana buƙatar mutum ya yi shiru ya zauna wuri ɗaya, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya hana yaro mai larurar galahanga (autism) shiga, domin dogon zama yana ba shi wahala, ƙara da haske mai ƙarfi kuma suna tayar masa da hankali. Saboda haka ne ɗakunan karatu da dama a Amurka da Kanada suka ware wa irin waɗannan yara zaman labari na daban. Ana tara yara kaɗan, a rage hasken fitilu, a manna hotunan abin da za a yi bi da bi, a miƙa musu kayan da labarin ya ambata su taɓa su shanshana, wanda ya gaji kuma ya tashi ya zaga ba tare da an harare shi ba.

Ina ganin ya kamata hukumar ɗakunan karatu ta Jihar Bauchi ta ware sa'a guda a mako domin irin wannan zama. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika tun 2024. Sai dai gangaren keken guragu ƙofa kawai yake kai yaro. Abin da zai tarar a ciki wani batu ne.

Za a ce ɗakunan karatunmu na fama da ƙarancin littattafai da wuta. Gaskiya ne, amma wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi mai nauyi, tunda tatsuniyarmu tana da yawancin abin da ake nema. "Ga ta nan, ga ta nanku" na sanar da yaro cewa an fara, "ƙurunƙus" na sanar da shi cewa an gama, waƙa mai amshi da maimaici kuma suna riƙe hankalinsa. Idan Gizo ya ɗauki ƙwarya, sai a miƙa wa makaho ƙwarya ta gaske ya shafa, a samo wa kurame mai maganar hannu. Abin da ke buƙatar kuɗi shi ne horar da ma'aikata, kuma malaman makarantar masu buƙata ta musamman da ke Yelwa a garin Bauchi za su iya ba da wannan horo, matuƙar an zauna da iyaye an ji abin da ke firgita kowane yaro kafin a fara.