Allurar da ta fi aljani sumar da 'yan kallo

A ranar 26 ga Disamba, 1973, washegarin Kirsimeti, aka fara nuna fim ɗin The Exorcist a wasu gidajen sinima ƙalilan a Amurka. Kafin a je ko'ina jaridu da gidajen talabijin suka cika da labarin abin da ke faruwa a ɗakunan kallo. Mutane suna shafe sa'o'i a kan layi cikin tsananin sanyin hunturu domin samun tikiti, sannan wasu daga cikinsu su fice tun fim bai ƙare ba, wannan yana rawar jiki, wancan yana amai, wata kuma a fito da ita a sume. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yau duk kamfanin da ke son tallata sabon fim ɗin ban tsoro, abin da ya fi marmari shi ne a ce wani ya suma a wajen kallonsa. A ganina masu wannan marmari sun ɗauki darasin a baibai, domin abin da ya kayar da mutanen nan ya sha bamban da abin da ake ta kwaikwayo tun daga wancan lokaci.

Labarin fim ɗin, wanda William Friedkin ya ba da umarninsa bisa littafin da William Peter Blatty ya wallafa a 1971, gajere ne. Wata mata 'yar wasan kwaikwayo tana zaune da 'yarta Regan mai shekara 12 a unguwar Georgetown ta birnin Washington. Yarinyar ta fara sauya hali, gadonta ya riƙa girgiza da daddare, bakinta ya cika da zagi, jikinta ya fara lalacewa. Uwar, wadda ba ma'abociyar addini ba ce, ta bi likita bayan likita har suka ƙure iliminsu, daga ƙarshe ta je ta roƙi wani limamin cocin Katolika ya fitar wa 'yarta da abin da ya shige ta. Abin da duniya ta fi tunawa da shi shi ne kan yarinyar da ke juyawa baya da koren aman da take fesawa. Sai dai waɗanda suka bibiyi abin da ya faru a gidajen sinima sun sha nuna cewa wurin da ya fi sa mutane jiri da faɗuwa babu aljani a cikinsa ko kaɗan. A asibiti ne, inda aka kwantar da yarinyar idonta biyu, aka goge mata wuya, aka soka allura a babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, jini ya yi tsartuwa, sannan na'urar ɗaukar hoto ta shiga buga ƙara kamar ana dukan ƙarfe, uwar kuma tana kallo ta bayan gilashi ba ta da ikon yin komai.

Likitoci suna da bayani a kan wannan sumar. Akwai mutanen da ganin jini ko allura kan sa bugun zuciyarsu ya ragu, hawan jininsu ya sauka farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na ɗan lokaci, sai mutum ya zube. Bayanin gaskiya ne, amma bai cika ba, domin an yi finafinai da yawa da suka fi wannan zubar da jini nesa ba kusa ba, kuma ba su bar wa kowa tabo a zuci ba. Abin da ya ba wannan allurar kaifi shi ne cewa kafin a kai gare ta, an riga an ba mai kallo lokaci mai tsawo ya zauna da uwa da 'yarta, ya ga suna wasa, ya ga uwar tana lallaɓa ta a kan gado, har ya saba da yarinyar kamar 'yar maƙwabta. Saboda haka da allura ta shiga wuyanta, ciwon ya sami wurin sauka a jikin mai kallo. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun ɗansa ana neman jijiya a saka masa ruwa, yaron yana kallonsa da idon tambayar me ya sa ka bari ake yi mini haka, ya san wannan tsoron tun kafin ya shiga sinima.

Hausa ta bambance abubuwan da masu shirya finafinai da yawa suke cakuɗawa. Firgita daban, fargaba daban. Firgita ita ce ta wanda aka buga wa ƙofa da ƙarfi yana gyangyaɗi: jiki ya zabura, zuciya ta harba, bayan daƙiƙa kaɗan a yi dariya a manta. Kowa zai iya haddasa ta, yaro ma da ya laɓe a bayan ƙyaure yana iyawa. Fargaba kuwa a hankali take taruwa, ita ce ta mai jinya da ke zaune a barandar asibiti yana jiran likita ya fito da sakamako. Fim ɗin da ya dogara da firgita yana ƙarewa ne da zarar an kunna fitila. Wanda ya gina fargaba shi ne yake bin mutum har gida, ya hana shi kashe wutar ɗaki. Friedkin ya yi haƙurin gina ta biyun, har ya ajiye ainihin artabun fitar da aljanin sai can wajen ƙarshen fim mai tsawon kusan awa biyu.

Ya kuma gane cewa kunne ya fi ido saurin tsorata, tunda mutum yana iya rufe ido amma ba ya iya rufe kunne gaba ɗaya. Muryar da ke fita daga bakin yarinyar ba ta Linda Blair ba ce, wadda ta fito a matsayin Regan, ta Mercedes McCambridge ce, tsohuwar 'yar wasan rediyo da ta dusashe maƙogwaronta da gangan domin aikin. An sanyaya ɗakin da aka ɗauki fim ɗin da na'urori har tururin numfashin 'yan wasan yana fitowa a zahiri, don haka sanyin da ake gani a fuskokinsu ba na kwaikwayo ba ne. Daga cikin rukunai 10 da aka tsayar da fim ɗin takarar lambar yabo ta Oscar, biyu ya ci, ɗaya ta rubutun labari, ɗaya ta sauti. Labari da sauti, wato abubuwan nan biyu da kaka take da su a tsakar gida in ta zauna yi wa jikoki tatsuniyar Dodo, ba ta da hoto ko ɗaya da za ta nuna musu, amma in ta gama babu mai yarda ya je bayan gida shi kaɗai.

Akwai masu cewa yawancin abin da aka gani a 1973 zuga ce da tsoron taro: mutum ya karanta a jarida cewa ana suma, ya yi awa uku a layi yana jin labarai, ya shiga da zuciyarsa a wuya, da wani ya yi ihu sai sauran su ɗauka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu shakka labaran sumar sun zame wa fim ɗin talla kyauta. Tsoro yana yaɗuwa a cikin taro kamar hamma. Amma zuga ba ta daɗewa, kuma ba ta bin mutum har ɗakin kwanansa. A 1975 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna James Bozzuto ya wallafa rahoto a kan mutum huɗu da suka nemi magani bayan kallon fim ɗin saboda rashin barci da matsanancin tashin hankali. A Birtaniya kuwa sai a 1999 hukumar tace finafinai ta amince a sayar da shi a kaset don kallon gida, ga waɗanda suka kai shekara 18 kawai. Abin da ya ci gaba da damun hukuma bayan kwata na ƙarni ya wuce a kira shi hayaniyar 'yan jarida.

Ɓangaren da ya fi taɓa ni, wanda kuma ba a cika magana a kansa ba, shi ne na limamin, Fada Karras. Shi kansa likitan ƙwaƙwalwa ne, imaninsa ya yi rauni, mahaifiyarsa kuma ta rasu cikin talauci da kaɗaici a New York alhali yana nesa da ita. Da ya tsaya a gaban gadon yarinyar, abin da ke cikinta bai tsaya nuna masa ƙarfi kawai ba, sai ya ari muryar mahaifiyarsa ya yi masa magana da ita. A nan aka taɓa inda ya fi ciwo, domin dodon da ya san laifin da kake ɓoyewa a zuciyarka ya fi dodon da ke da haƙora ban tsoro. Mai kallo da yake da tsohuwa a ƙauye wadda ya daɗe bai leƙa ba, ba yarinyar yake tausaya wa a wannan lokaci ba, kansa yake tuhuma.

Mai kallo Bahaushe yana da wata kusanci da wannan labari da ta wuce ta Ba'amurken 1973, ko da yake addini da al'ada sun bambanta. Fim ɗin ma da sautin kiran salla ya buɗe, a wani wurin haƙar kayan tarihi a arewacin Iraƙi. Amma ainihin kusancin yana cikin tafiyar uwar: daga wannan asibiti zuwa wancan, gwaji bayan gwaji, likita ya ce bai ga komai ba, sannan wani ya matso ya ce a gwada ta wani wajen. A wurinmu wannan ba tatsuniya ba ce, akwai gidaje da yawa da suka bi hanyar daga asibiti zuwa wajen malamin ruƙiyya, wani lokaci ma ciwon farfaɗiya ne ko taɓin ƙwaƙwalwa da magani zai iya shawo kansa amma aka makara. Wannan ya sa nake jin takaici idan na ga an yi fim ɗin aljanu a harshenmu an tattara duk ƙoƙari a kan jajayen idanu da hayaƙin kwamfuta da dariyar ƙeta mai amsa kuwwa, har 'yan kallo su ɓige da kyakkyata dariya. Mutanen da suka yarda da samuwar aljanu tun suna goye ba sa buƙatar a zana musu shi. Mai ba da umarnin finafinai Steven Spielberg ya ci karo da wannan gaskiyar a 1974 lokacin da injin kifin da aka ƙera masa don fim ɗin Jaws ya riƙa lalacewa, dole ta sa ya rage nuna shi, sai ruwan da ba a ganin ƙasansa da ɗan kiɗan da ke matsowa suka yi aikin da kifin ba zai iya ba.

Kayan aikin da ake buƙata ba su fi ƙarfin mai ƙaramin jari ba. A ba mu lokaci mu san yarinyar tukuna, mu ji yadda take gaida mahaifinta, mu ga abin da take so a kwanon abinci. Sannan wata rana da asuba, an ɗauke wuta, uwar ta shiga ɗaki da 'yar fitila don ta tashe ta salla, ta tarar da ita zaune a bakin gado tana fuskantar bango, ta kira sunanta sau ɗaya, sau biyu, yarinyar ta amsa ba tare da ta juyo ba, amma da sunan da kakarta marigayiya kaɗai take kiran uwar da shi.