Mastas ɗin ƙarshen mako na jami'an tsaro: me yake canzawa a caji ofis?

Duk wanda ya leƙa jami'o'inmu ranar Juma'a da yamma ko Asabar zai ga wasu ɗalibai da ba samari ba ne, magidanta ne har da masu furfura, wani DPO ne, wani gandiroba, wani ɗan sibil difens ko kwastam, ga ma'aikatan kotu, sun ajiye kaki sun sa kaftani sun zo karatun mastas. ABU Zariya tana da mastas kan tabbatar da doka da shari'ar laifuka, BUK ma tana da nata kan daƙile laifuka, ga kuma NOUN, jami'ar karatu daga gida, da mutum zai yi daga inda yake aiki. Ni dai ina goyon bayan karatun nan sosai, sai dai yadda ake yin sa ne bai kwanta min ba.

Dalilin goyon bayan a fili yake. A kwalejin 'yan sanda an koya wa mutum fareti da riƙe bindiga da sara wa oga, to amma ranar da aka ba shi dibishan aikin ya koma wani abu daban, wa za a tura sintiri ina, waye a sel kuma kwanansa nawa, wane fayil ne ya maƙale bai je kotu ba, ya za a yi da fetur ɗin mota ɗaya tal. Sannan dokokin ma sun canza shi yana bakin aiki. A 2015 aka yi dokar tafiyar da shari'ar laifuka, 2017 dokar hana azabtarwa, 2019 aka sauya wa hukumar gidan yari suna ta koma ta gyaran hali, 2020 kuma sabuwar dokar 'yan sanda. Wanda ya fito tirenin tun zamanin mulkin soja ina ya gamu da waɗannan a aji? Dokar 2015 ɗin nan ta hana a kama uba ko ƙani a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, amma je ka kantar caji ofis yau ka ga ko an daina.

Inda gizo ke saƙar shi ne furojet, wato binciken da ɗalibi ke rubutawa na kammala karatu. Sai ka ga jami'in da ya yi shekaru a bakin kanta, littafin rajistar ƙorafi na gabansa kullum, ya zaɓi take irin "tasirin talauci kan aikata laifi a Najeriya", abin da an rubuta an sake rubutawa, wasu ma gaskiya a shagon kwamfuta ake haɗa musu, a yi bandin mai kyau a jera a kabad shi ke nan. Haba dai. Mutumin da ke riƙe da bayanan da malamin jami'a ke nema ido rufe bai samu ba!

A jami'ar Kambirij ta Ingila akwai mastas na manyan 'yan sanda da suke yi suna bakin aiki, su zo na 'yan makonni su koma, kuma binciken yawanci daga bayanan rundunarsu yake fitowa. Farfesa Lawrence Sherman da ya jagoranci shirin shi ne tun 1989 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa a birnin Miniyafolis na Amurka wajen kashi 3 cikin 100 na wurare ne ke jawo rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. Ƙirga kira kawai suka yi fa, ba wani siddabaru. Me zai hana DPO a Kano ya ɗauki ƙorafin ƙwacen waya na shekara guda ya tantance wane lungu, wane shataletale, ƙarfe nawa, ya sauya sintirinsa na wata uku ya ga ko an samu sauƙi? Wannan shi ne furojet, kuma ko sakamakon ya nuna ba a samu sauƙi ba an dai ƙaru da wani abu.

Na san me jami'an za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Kuɗin makaranta daga aljihunsu yake fita, ana tsakiyar zango sigina za ta zo an yi wa mutum taransifa zuwa wata jihar, kuma a aikin kaki idan oga ya ce a'a to mastas ɗinka ba ya magana. Satifiket bai sayen fetur, haka ne. Amma ba komai ne kuɗi ba ai. Dokar 2015 ta ce mai riƙe da caji ofis ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba waranti duk ƙarshen wata, shi kuma majistare ya riƙa zuwa duba sel duk wata. Biro da takarda kawai wannan ke ci, alhali wajen kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba.

Don haka jami'o'in su daina karɓar furojet ɗin da bai taɓa wurin aikin ɗalibi ba, hedikwata kuma ta ba da izinin amfani da bayanan a ɓoye sunayen mutane, ta daina ɗaga jami'in da ke tsakiyar karatu sai in dole ta kama. Kuma tunda ɗan sanda da gandiroba da mai gabatar da ƙara duk suna aji ɗaya, a ba su fayil ɗaya na wanda ya shekara uku yana jiran shari'a, su bi shi daga kanta zuwa kotu zuwa gidan yari su gano a teburin wa ya kwana, a ba su maki a kan wannan.