Tauye mudu ya bar kasuwar hatsi ya koma shagon sola

Duk matar da ta saba zuwa awon masara a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada a Zariya ta san abin da za ta fara yi kafin a zuba mata ko ƙwaya ɗaya. Za ta karɓi tiyar ta kifa ta, ta duba gindinta ko an buge shi ya shige ciki, ta shafa bakinta ko an rage shi. Wata ma da kwanonta take tahowa daga gida. Ba a aji aka koya mata ba, kuma babu mai hatsin da zai ce ta ci masa mutunci don ta duba. Amma ranar da wannan matar ta kwashi adashen da ta shekara tana zubawa ta shiga shagon kayan sola, sai ta ƙirga kuɗi masu yawa ta miƙa a kan wata lamba da aka manna a bayan kaya, ba ta da kwanon da za ta gwada lambar da shi.

Yayata nake nufi. Tun rasuwar mijinta da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya take riƙe da 'ya'yanta a cikin birni. Janareto ya fi ƙarfinta tun bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sai kuma ga duhun watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, aka kwashe sama da mako guda babu ko ƙyaftawa. Jarinta a cikin firiza ya narke. Daga nan ta ƙudurta cewa kwasar adashenta ta gaba ta sola ce. Ta sayi fanel biyu, wato allunan da ke mayar da hasken rana wuta, kowanne an rubuta masa wat 350, da batir mai lamba 200Ah, ma'aunin yawan wutar da yake iya ajiyewa, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, a wani shago da ba zan ambata ba. Wata huɗu aka yi ana murna. A na biyar inbata ta fara kuka tun kafin a fito sallar isha'i.

Wani yaron maƙwabta da ya karanci harkar lantarki shi ya zo dubawa. Bai fara da wata na'ura ba. Tef ɗin awon tela ya aro ya hau saman kwano, ya auna tsawon fanel ɗin mita ɗaya da rabi, faɗinsa bai kai santimita 70 ba. Ya sauko yana kakkaɓe wandonsa ya ce, "Mama, wannan ko wat 200 da ƙyar ya kai. Lambar kawai aka canza masa."

Yadda ya gane abu ne da kowa zai iya riƙewa. Idan rana ta take tsaka, sama kuma garau, haskenta yana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, kuma da wannan ma'aunin ake gwada fanel a masana'anta. Mafi yawan fanel masu kyau da ke kasuwa a yau kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na hasken nan suke iya mayarwa wuta. Ke nan fanel mai faɗin murabba'in mita ɗaya iyakarsa wat 200 da 'yan kai. Ko a wace ƙasa aka ƙera shi, ko wane suna aka buga masa, rana ɗaya ce ke haska mu duka. Wanda ya nuna maka fanel mai wannan girman ya ce wat 350 ne, daidai yake da wanda ya miƙo maka gwangwanin madara ya ce tiya ce.

Batirin ma da sikeli aka kama shi. Ƙarfin irin wannan batir yana cikin dalmar da ke cikinsa, dalma kuwa nauyi gare ta. Na gaskiya mai bolt 12 da 200Ah yana kewayen kilo 60, sai ƙarti biyu sun kama. Na yayata da aka ɗora a sikelin mai sayar da gas, kilo 38 ya nuna. Abin da ya daɗe yana yi mini ciwo shi ne 'yan gwangwan da ke yawo unguwa-unguwa suna sayen mataccen batir sun san wannan sirrin sarai. Ba sa kallon lambar da ke jikinsa, a kan sikeli suke ɗora shi su biya kuɗin nauyinsa. Mai sayen gawar batir yana aunawa, mu da ke sayen sabo da gumin shekara guda ba ma aunawa.

Kuma cutar ba ta tsaya ga an ba ka rabi a kuɗin cikakke ba. Mai haɗa sola da lambar yake lissafi. Ƙa'idar batirin dalma ita ce kada a riƙa zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsa. Idan aka ɗora masa kaya a kan zaton 200Ah ne alhali bai kai ba, kullum dare sai an tatse shi ƙarƙaf. Gari ya waye, fanel ɗin da aka yi wa ƙarin lamba ba su da ƙarfin cika shi kafin rana ta faɗi. Batirin da ke kwana yana wuni bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantansa, ya toshe su a hankali. Abin da ya kamata ya yi shekaru sai ya mutu cikin watanni. Daga nan mai gida ya fara faɗa wa maƙwabta cewa sola yaudara ce, alhali rana ba ta yaudari kowa ba.

Wanda bai kai ga sayen sola ba ma bai tsira ba, domin kusan kowane ɗalibi a Samaru da Kongo yana da fawa bank, wato ɗan batirin cajin wayar hannu, a jaka. Ka tsaya gaban tebur a bakin titi, za ka ga wani ɗan ƙarami da bai fi sabulun wanka nauyi ba an rubuta masa 50,000mAh. Ƙananan batura masu siffar yatsa da ake jerawa a cikin irin waɗannan, mafi kyawunsu bai wuce 3,500mAh ba, kuma kowanne yana kusa da giram 50. Kafin a tara 50,000 sai an jera kusan 15, nauyinsu kaɗai ya haura giram 700, ban da gida da sauran tarkace. Hannunka ma ya isa ya gaya maka. Na taɓa zama a benci wajen wani mai gyaran waya ya fasa irin wannan a gabana. Batir biyu ne aka haɗa wa wayar wuta, sauran ukun ba a haɗa su da komai ba, ya ɓare ɗaya da filaya, yashi ya zubo a kan teburinsa.

Na wayar wuta shi ya fi ba ni tsoro, domin a nan ba kuɗi kaɗai ake asara ba. Ana sayar da waya mai launin jan ƙarfe wadda idan ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki, alminiyon ne aka yi wa shafe. Alminiyon kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka. A ɗora masa kaya ya yi zafi a cikin silin, inda babu idon da ke ganinsa.

Sai dai a yi adalci, don kada gobe wani ya je ya ci kwalar ɗan kasuwa mai gaskiya. Kayan ƙwarai ma ba sa ba da cikakkiyar lambarsu a hannunka, kuma wannan ba algus ba ne. A zafin digiri 25 ake gwada fanel, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100. A bazarar Zariya, cikin Maris da Afrilu, fuskar fanel a saman kwano tana iya kaiwa digiri 60, ka ga fiye da kashi 10 ya tafi. Ƙurar hunturu ma tana cin nata rabon idan ba a gogewa. Haka fawa bank: lambar da ke jikinsa a kan bolt 3.7 aka lissafa ta, shi kuwa a bolt 5 yake fitarwa, ga abin da ke salwanta ya zama zafi a hanya. Mai 10,000mAh na gaskiya zai cika waya mai batir 5,000mAh sau ɗaya da kusan rabi, ba sau biyu ba. Wannan ragin kimiyya ta san da shi, ana iya lissafa shi tun kafin a saya. Wanda nake kuka da shi daban ne, shi ne wanda aka zauna aka buga lambar ƙarya da gangan.

Na san abin da 'yan kasuwa za su ce, kuma wani ɓangarensa gaskiya ne. Da yawansu yadda aka kawo musu kwali daga Legas ko Kano haka suke jerawa, su ma ba su taɓa aunawa ba. Za su kuma ce mu masu saye ne ke jawowa: a nuna mana mai wat 200 na gaskiya da mai wat 350 na bogi a kuɗi ɗaya, sai mu rungumi mai babbar lamba mu bar mai gaskiya da kayansa. Haka ne, araha ba ta ado. Wasu kuma za su ce talaka ba shi da kuɗin kaya masu suna, a bar shi ya sayi daidai ƙarfinsa. A nan ne ban yarda ba. Ba cewa nake a hana sayar da ƙaramin kaya ba. A sayar da mai wat 180 a matsayin mai wat 180. Da an gaya wa yayata gaskiyar abin da kuɗinta zai iya saya, da ta haƙura da firiza ta fara da fanka da fitilu, ko ta jira kwasa ta biyu, kuma da batirinta yana nan da rai. Ƙaryar lamba ta fi cutar talaka, domin mai hali zai sake saye gobe, shi kuwa sai ya sake shekara yana tarawa.

Mu da muka taso a garin malamai ba ma buƙatar a kawo mana hukuncin wannan daga nesa. Yaro ɗan makarantar allo ya hardace surar Muɗaffifina, wadda ta buɗe da azaba ga masu tauye awo. Mun san labarin mutanen Annabi Shu'aibu. Mun san hadisin da ke cikin Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya wuce mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Abin lura shi ne bai tsaya ga kallon saman tsibin ba, hannu ya sa. Ina roƙon limamanmu, idan za su yi huɗuba a kan tauye mudu, su ambaci wat da batir da wayar wuta da sunansu. Akwai ɗan kasuwar da ba zai taɓa buge gindin tiya ba saboda tsoron Allah, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa takardar da ke manne a bayan fanel ita ma mudu ce ba.

Hukumomi suna nan. Aikin hukumar SON ne tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, kuma dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba, ko da an rubuta "ba a mayar da kaya" a jikin rasit. Ya kamata su tsaurara a tashoshin ruwa, domin nan ne bakin rijiyar. Amma mace mai zoɓo a lungun birni ba za ta rubuta ƙorafi zuwa Abuja ba, kuma ba na ganin ya dace mu naɗe hannu muna jira.

Zariya ce fa. Nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962 da tsangayar injiniyancinta, nan kwalejin Nuhu Bamalli take, nan ne na'urar binciken nukiliya ta farko a ƙasar nan ta fara aiki a 2004. Garin da ke da wannan ilimin bai kamata a ce babu inda talaka zai kai batir a auna masa ba. Abin da nake nema ƙarami ne: teburin awo a wuraren da ake hada-hadar kayan lantarki, irin su PZ da Sabon Gari. Sikeli, tef, mitar gwajin wuta, da 'yar na'urar da ake soka wa fawa bank ta ƙirga abin da ya fitar. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na batir guda ba. Ɗaliban lantarki da ke yawon neman wurin koyon aiki su zauna a kai, ƙungiyar 'yan kasuwa ta ba da wuri ta kuma tsaya musu, mai saye ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A auna a gaban mai shago kafin kuɗi su shiga aljihunsa, a rubuta sakamakon a rasit. Wanda zai fi kowa cin ribar wannan shi ne ɗan kasuwa mai gaskiya, wanda yau yake kallon masu saye suna wuce shagonsa zuwa wajen mai babbar lamba.

Batirin yayata ɗan gwangwan ne ya saye shi a ƙarshe, ya biya kuɗin kilo 38 cif. Ta sake shiga adashe, kwasarta sai bayan babbar sallah. Ta riga ta yi magana da yaron maƙwabta da mai gas, ta kuma ce mini, "Ƙanena, ranar ka nemo mana keke napep tun da safe, da sikelin za mu tafi."