Ga Gwanin da Maganinsa Ɗaya Ne

Akwai wani a cikinmu, ba sai an kama suna ba, wanda duk mutumin da ya kai masa kukan cewa hedfon ɗinsa na Bluetooth yana yankewa yana dawowa a kan Linux (tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta), amsa ɗaya yake ba shi: a goge komai a sake ɗora tsarin daga farko. Idan an bi shawararsa matsalar ta dawo, sai ya ce dama kayan kyauta ba a sa musu rai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin takaicin shi ne a wuyan wasu yake ɗaura nasa.

Da gwanin namu yana da haƙurin karatu, da ya fara da duba abin da journalctl da dmesg, manhajojin da suke nuna rahoton tsarin, suka rubuta a daidai lokacin da sautin ya ɗauke, domin a nan kwamfutar take bayyana abin da ya same ta. A yawancin laftof, na'urar Bluetooth ta hanyar USB take haɗe daga ciki, kuma tsarin yakan sa ta barci don tattalin batir, wani lokaci kuma ta kasa farkawa yadda ya kamata. Ana hana wannan barci ta saitin enable_autosuspend na direban btusb, wato manhajar da take sarrafa na'urar, ko a cikin TLP, manhajar tattalin batir, ga mai amfani da ita. To, wanda ya goge komai ya sake ɗorawa, saitin asalin da ya jawo ciwon shi zai sake tararwa yana jiransa, bayan ya ɓata yininsa yana kwashe fayiloli. Ban san ko malam ya taɓa tsayawa ya yi tunanin wannan ba, amma ina shakka.

Haka nan bai taɓa tambayar kowa abin da ke kusa da kwamfutarsa ba, alhali Bluetooth da Wi-Fi suna cunkushe a zangon rediyo ɗaya na 2.4 GHz, kuma tun 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa kayan USB 3.0 suna haddasa hayaniya a wannan zangon. Mayar da Wi-Fi zuwa 5 GHz, ko nisanta faifan ajiya na USB 3.0 daga na'urar Bluetooth, gwaji ne na minti kaɗan.

Idan kuma yankewar tana zuwa ne lokacin da aka fara kira, sai a zargi sauyawar yanayin aikin hedfon daga A2DP, mai kyawun sauti, zuwa HFP, mai buɗe makirufo. A nan ne mutumin namu yake ba ni dariya, domin har yanzu fayilolin PulseAudio, tsohuwar manhajar sauti ta Linux, yake tura mutane su gyara, alhali manyan nau'o'in Linux sun bar ta: Fedora ta koma sabuwar manhajar PipeWire a 2021, Ubuntu ta biyo baya a 2022, kuma WirePlumber, mai sarrafa PipeWire, ne yake kula da wannan sauyawa a yanzu.

Ba na neman a daina zuwa wurinsa. Amma duk wanda zai je gobe, ya tafi masa da abin da dmesg ya fitar, ya roƙe shi ya nuna layin da matsalar take, sannan ya lura da yadda hirar za ta karkata zuwa wani batu daban.