Takardar canjin aiki suna ɗaya take ɗauke da shi, amma mu biyar take kwasa

Yau wata uku da kwana tara da saukarmu a wannan barikin, sai jiya na buɗe kwali na ƙarshe. A jikinsa an rubuta "kayan yara" an soke, an rubuta "kicin" an soke, a ƙasa kuma "littattafan Mama". Duk rubutun hannuna ne. Kwalin nan ya bi mu gari uku. Wannan ne tashinmu na huɗu cikin shekara 11 da na yi ina auren soja, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan faɗe ta.

Duk lokacin da takardar canjin wurin aiki ta fito, sunan maigida ne kaɗai a kanta, da lambarsa da muƙaminsa. Shi idan ya isa, akwai kwamandan da zai kai kansa wurinsa, akwai aikin da ke jiransa, akwai waɗanda suka yi horo tare tun suna kurata. Kakin da ya sa a can shi zai sa a nan, begilar da ke tashinsa a can ita ce a nan, fareti ɗaya, sarawa ɗaya. Soja duk barikin da ya shiga gida ya shiga. Kafin mako ya zagayo ya san kowa, kowa ya san shi.

Ni kuwa da asubar farko ya ɗaure takalmi ya fita, ƙofa ta rufe, na tsaya a tsakar falo da labulen da bai yi daidai da tagogin sabon gidan ba. Ban san inda asibiti yake ba, ban san wa zan tambaya ba, babu ofishin da ya san na iso. A idon tsarin aikin, ni da yarana uku muna cikin kayan da aka sauke daga mota.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan karon, ranar da na kai yara sabuwar makaranta ne. Aka ba ni fom. Sunan uba, na cika. Sunan uwa, na cika. Sai ga wani layi: wa za a kira idan ba a same ku ba? Na riƙe biro na yi shiru har malamar ta ɗago kai ta dube ni. A garin nan kaf ba ni da mutum ɗaya da zan rubuta. Na ce mata zan dawo da fom ɗin gobe. Da yamma na ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tamu, wata mata ta leƙo da goyo a baya. Ko sunanta ban sani ba na ce, "Baiwar Allah, don Allah ki ara mini lambarki in sa a fom ɗin makaranta." Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Kawo in rubuta miki da kaina, Maman yara. Ni ma haka aka yi mini." Wannan kalma ta "ni ma" ita ta riƙe ni har na yi wata guda.

Ina son mijina, ina alfahari da aikinsa, kuma na san abin da ya sa hannu a kai. Shi ya sa maganar nan ta "ai kin san soja kika aura" take yi mini ciwo. Na sani mana. Wanda ya san wuta na da zafi ai ba ta fasa ƙona shi. Haƙuri kuwa muna yi, wallahi muna yi fiye da yadda masu ba mu shi suke zato. Abin da na ƙi shi ne a mai da haƙuri marfin rufe duk wata magana, ko da maganar tana da gyara mai sauƙi.

Ɗauki batun aiki. Ni malamar makaranta ce. A inda muka baro na yi shekara biyu da rabi, har an fara maganar ba ni shugabancin sashe, sai takarda ta fito. A nan na je neman aiki wuri uku. Wuri biyu da zarar sun ga adireshina bariki ne sai tambayar ta canza: shekara nawa za ki yi mana? Ba ni da amsa, domin shi kansa maigidan ba shi da ita. Sa'o'ina da muka gama karatu tare sun yi nisa, ni kuwa kowane tashi sai na koma matakin farko kamar yau na fito.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda iyalan soja kan tashi duk bayan shekara biyu zuwa uku, binciken da ma'aikatar tsaronsu ta yi a 2021 ya nuna kashi 21 cikin ɗari na ma'auratan sojoji masu neman aiki ba su da shi, adadin da ya ninka na sauran jama'ar ƙasar fiye da sau uku. Bambancin shi ne su sun ƙirga, da suka ƙirga kuma suka taɓa wani abu. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a dokar da ta ba matar soja ko mijin soja damar ci gaba da aiki da lasisin sana'arsa idan an mayar da su wata jiha. Birtaniya kuma tun 2011 ta shigar da alkawarin da ke tsakanin ƙasa da sojojinta cikin doka, kuma ginshiƙinsa shi ne kada aikin soja ya jawo wa soja ko iyalinsa cutuwa wajen samun abin da kowane ɗan ƙasa ke samu, kamar makaranta da asibiti da gida. Ban ce sun gama gyara komai ba, matansu har gobe suna kuka. Amma an yarda a rubuce cewa iyali ma suna biyan kuɗin wannan aiki, kuma daga nan gyara yake farawa.

Sai yara. Babbar 'yata shekararta goma, makarantarta ta huɗu ke nan. Inda muka baro ba su kai ga rabawa mai tsawo a lissafi ba, a nan sun wuce ta tun bara, sai ta zama kamar daƙiƙiya alhali ita ce ta biyu a ajinsu na da. Wannan na iya gyarawa, muna zama da dare ina koya mata. Abin da ban san yadda zan gyara ba, ta daina yin ƙawaye. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Mama, nan ma ai tashi za mu yi." A jikin ƙofar ɗakinsu akwai zanen biro, layi-layi, da shekaru a gefe. Wata uwa ce da ta zauna kafin mu take auna tsayin 'ya'yanta. Layukan sun tsaya a daidai kafaɗar 'yata. Kullum sai ta tsaya ta gwada kanta da yaran da ba ta taɓa gani ba. Na so in shafe da fenti, ta ce in bari.

Su Amurkawan sun yi wata yarjejeniya tsakanin jihohi kan karatun 'ya'yan sojoji, zuwa 2014 duk jihohin 50 sun shiga, don a karɓi takardun yaro da wuri a sa shi ajin da ya dace da shi. Wannan ba abu ne mai cin kuɗi ba. Niyya ce kawai.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, muƙamin miji yana bin matarsa har bakin famfo. Matar mai igiya biyu ta san iyakarta, matar mai anini ta san tata. Za ki ga mace hankalinku ya zo ɗaya, amma ki ja baya domin mijinta ne ke ba mijinki umarni, kuma abin da kika faɗa mata da rana yana iya isa ofis da safe. Shi ya sa kaɗaicin bariki daban yake: gidaje manne da juna, mata cike da layi, kowa ta haɗiye tata.

Mako biyar da zuwanmu aka tura maigida fagen daga. Ban gama sanin hanyar asibiti ba na zama uwa na zama uba. Waya ta koma ƙarƙashin matashi, duk lambar da ban sani ba idan ta kira sai gabana ya faɗi. Wata masaniyar zamantakewar iyali, Pauline Boss, ta yi nazari a shekarun 1970 kan iyalan sojojin Amurka da suka ɓata a yaƙin Biyetnam, ta yi bayanin wani irin rashi da ba shi da tabbas: mutum ba ya gida amma yana cike da gidan, ko kuma yana gida amma hankalinsa ba ya nan. Duka biyun na ɗanɗana. Na biyun ya fi wuya. A tafiyarsa ta baya da ya dawo, ya kan zauna cikinmu shiru, ƙarar faɗuwar murfin tukunya ta sa ya miƙe zumbur. Ni kuma na saba yanke hukunci ni kaɗai, yara sun saba ni suke tambaya. Muka yi ta karo a kan ƙananan abubuwa, har na fara zargin kaina. Daga baya na san tun 1949 wani masanin zamantakewar iyali, Reuben Hill, da ya bi iyalan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, ya nuna dawowar miji ita ma jarrabawa ce mai zaman kanta, kamar tafiyarsa. Da wani ya gaya mini haka tun farko, da na rage kukan dare.

To, ranka ya daɗe kwamanda, abin da nake roƙo ba shi da yawa. Yadda ake karɓar soja idan ya iso, a karɓi iyalinsa. Takarda ɗaya tak mai ɗauke da inda asibiti yake, da makarantu, da lambar wanda za a kira idan miji ba ya nan. A sanar da magajiya, wato shugabar matan bariki, zuwan sabon iyali kafin motar kaya ta tsaya. Inda aiki ya ba da hali, a daidaita canji da hutun ƙarshen shekarar karatu. Kuma kafin a tura mutum daji, a duba ko iyalinsa sun yi ko wata biyu a wurin. Sojan da ya san gidansa a zaune yake ya fi natsuwa a bakin aiki, wannan ku kun fi ni sani.

Ku kuma mazajenmu, mun san kun gaji. Amma a makon farko ɗauki matarka ka zagaya da ita, ka nuna mata hanya, ka haɗa ta da matar abokinka ko ɗaya. Idan ta ce maka ta yi kewar aikinta, kada ka ce me ta rasa. Ka zauna ka saurara har ta kai aya.

Ke kuma ƙanwata da kika shigo wannan rayuwa kwanan nan, ki riƙe wani abu naki wanda zai shiga kwali ya bi ki: karatu ta intanet, sana'ar hannu, duk abin da idan an tambaye ki wace ce ke za ki ambata kafin ki ambaci muƙaminsa. Ki buɗe kayanki duka, ki kafa ƙusa a bango, kada ki yi irin tawa ki bar kwali wata uku kina jiran tashi. Ki ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciya tun ranar farko, za ta buɗe.

Tawa maƙwabciyar, mai goyon nan, ta shigo ɗazu da hantsi ta zauna a hannun kujera ba ta ce komai ba, sai ta miƙo mini wayarta. Takardar mijinta ta fito. Suna da mako uku. Na yi mata alkawarin kwalayen da na kwashe, na goge tsohon rubutun da ke jikinsu. Ranar Litinin kuma zan koma makarantar su yara in ce a ba ni fom ɗin nan in canza lamba, har yanzu ina tunanin ta wa zan sa.