Fitilar zenon da ba ta ƙarko

Wai me ya sa fitilar mota ta zenon da ake kawowa kasuwar Maradi ba ta ƙarko? Mai shago ya rantse maka, "Mai kyau ce, Alhaji." Ka saka, ba a jima ba ido ɗaya ya fara ƙifta, sannan ɗif. Sau da yawa ma ƙwan lafiyarsa lau, balas ne ya mutu, ɗan akwatin da ke harba volt sama da 20,000 kafin ƙwan ya kama. Zafin inji da ƙura sun gama da shi.

Kuma kowane mai shago shuɗiyar nan mai 8000K (lambar da ke nuna launin hasken) yake ajiyewa, don gayu. Bi hanyar Ɗan Isa da ita cikin hazo ka gani: rami ba ka hango ba, na gabanka ka kashe masa ido. Mai 4300K da ta fi haske kuwa, sai ka sha yawo.