A bar Scheffler ya huta da sunan Tiger Woods

Tun da ɗan wasan golf Scottie Scheffler ya ɗaga kofin gasar Open, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu na shekara, a filin Royal Portrush a watan Yulin 2025, masu sharhin wasanni a Amurka suka tashi haiƙan sai sun naɗa shi magajin Tiger Woods. Babbar hujjarsu wai kwana 1,197 ne tsakanin babban kofinsa na farko da na huɗu, daidai da na Tiger. Shi kansa Scheffler ya ce kwatancin ba shi da kan gado, ya tuna musu cewa Tiger na da manyan kofuna 15 shi kuwa huɗu, amma ina, sun toshe kunne.

Kama da wane ba wane ba ne. A 1997 Tiger yana ɗan shekara 21 ya cinye babbar gasar Masters da tazarar bugu 12 (a golf mai ƙarancin bugu ke nasara), a filin Augusta da bai karɓi baƙar fata a matsayin memba ba sai a 1990. Kafin 1961 ma dokar PGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan golf ta Amurka, cewa ta yi fararen fata kaɗai. A wannan gida yaron ya shiga, ya sa jar riga ranar Lahadi, ya bar manya suna kallon ƙurarsa. A US Open ta 2000 a Pebble Beach, bugu 15 ya bai wa wanda ke biye da shi. Zuwa Afrilun 2001 manyan kofuna huɗun duk suna hannunsa a lokaci guda. A 2008 a Torrey Pines ya yi nasara da tsagaggen ƙashin ƙafa da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa, yana dogara sanda bayan bugu, fuska a murtuke don zafi. Aka yi masa aikin ƙashin baya a 2017, kowa ya yanke ƙauna, sai ga shi da kofin Masters a 2019.

Masu cewa ai tsohon gwanin golf Jack Nicklaus na da manyan kofuna 18 don haka Tiger ma ba kowa ba ne, su fara ƙirga nasarorin Tiger 82 da makonni 683 da ya yi a saman teburin duniya kafin su dawo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne butulcin. Miliyoyin dalolin da Scheffler da tsaransa ke kwasa yau, Tiger ne ya jawo su, domin shi ya sa mutanen da ba su taɓa riƙe sandar golf ba suka zauna gaban talabijin, kamfanoni kuma suka biyo su da kuɗi. Tashoshin da suka ci moriyarsa ne yanzu ke gaggawar ƙera masa madadi tun da haɗarin mota na 2021 ya kusa raba shi da fili.

Scheffler gwani ne, ba mai ja. A kira shi da sunansa, a bari ya tara manyan kofuna goma tukuna, sannan a ɗauko maganar.